Farar Rigar Herminia

Duk wanda ya gama sakandare a garinmu na Dalcahue da ke kan tsibiri ya san ranar rubutu a riga. Ranar ƙarshe 'yan aji kan far wa juna da biro, kowa ya rattaba sunansa da 'yar addu'a ko tsiya a farar rigar makarantar ɗan'uwansa, har a rasa wurin ɗiga alƙalami. Herminia Cárcamo ma tana da tata a ƙasan akwati, yau shekara talatin da takwas. Fara fat, ko ɗigo babu.

Saura wata uku ta gama, kwalekwalen babanta ya kife. An tsamo shi da rai, amma bai ƙara moruwa ba. Kamfanin kifi na ɗaukar ma'aikata, ta ce bari ta ɗan taɓa na wata biyu ta dawo. Wata biyu! Shekara talatin ta yi tana feɗe kifi cikin ruwan ƙanƙara, har yatsunta suka ƙandare kamar citta. Ranar da 'yan ajinsu suka yi rubutunsu, ta tagar motar kamfani ta hango su suna shewa a bakin ruwa, ta sunkuyar da kai. Har yau in Disamba ta kama sai abin ya dawo mata sabo.

Da ta bar aiki, ba wanda ya aike ta, ta je ta roƙi aron ɗakin taron coci. Duk Asabar takan zo da wainar dankali mai zafi, ta zauna bayan tebur ta yi kamar ita ce mai ɗaukar ma'aikata, yara 'yan ajin ƙarshe su riƙa shigowa ɗaya ɗaya.

"Fita ka sake shigowa! Haka za ka faɗo wa mutane kamar buhun dankali? Dube ni a ido, ba cizo nake ba."

"Wallahi kina cizo, Goggo," in ji yaran.

Ita ke zaunar da su su cike takardun neman kwaleji. Ita ke lallaɓo ma'aikaciyar jinya ko makanikin jirgin ruwa su zo su faɗi yadda aikinsu yake. Amma duk cikinsu Yasna Millalonco ce ta kwanta mata a rai, yarinya mai taurin kan tsiya, wadda ke son karatun gyaran inji. Ita ce kuwa wata Asabar ta Oktoba ta tsaya bayan an watse.

"Goggo, kamfani na ɗauka. Mama ba lafiya. Wata biyu kawai zan yi in dawo."

Herminia ta ja hannunta har gida, ta buɗe akwati ta shimfiɗa rigar a kan gado.

"Karanta min."

"Ai ba komai a jiki."

"To. Ni ma wata biyu na ce." Ta miƙa mata yatsunta. "Mu ashirin da shida ne a aji. Ina iya jero miki sunayensu yanzu, har da inda kowa ke zama. Rabi sun bar tsibirin nan, huɗu suna kabari. Ba rashin takardar shaida ne kaɗai ke ci min rai ba, 'yar nan. Da an rubuta min ko zagi ne, ina so."

Yasna ta murguɗa baki. "Riga ba ta sayen magani."

"Ba ta saye. Mamanki ki bar min ita, zan riƙa wuni da ita, in raka ta asibiti. Ke dai ki zauna a aji."

Yarinya ta fice ko sallama babu. Asabar ta zagayo, kujerarta wayam. Ta gaba ma haka. Herminia ba ta fasa ba, kullum tana gidan uwar da tukunyar miya, amma ta kasa tambayar inda 'yar ke zuwa da safe. Tsoron amsar take ji.

Sai ga Disamba. Tana ferar dankali aka buga ƙofa, ta ga Yasna cikin riga baƙa ƙirin da rubutu, sai wani ɗan fili kamar tafin hannu a ƙirji.

"Har dambe na yi don kada a taɓa nan. Ungo biro."

Da ƙyar yatsun suka riƙe shi. Sunan ya fito a karkace, hawaye na neman ɓata shi.

"Yanzu ɗauko taki, Goggo. Ga 'yan ajinmu can a waje, kowa da bironsa."

Herminia ta dubi ƙofar ɗakin da akwatin yake, ta daɗe tana kallo. Allah ya sani tana so, so mai tsanani.

"A'a, bar ta haka," ta ce. "Baɗi ma za a samu wata mai taurin kai irinki. Me zan nuna mata?"