Kawu Mai Guga da Tawul ɗin Mota

Shekara talatin da huɗu Kawu ya yi yana wanki da guga a wani ɗan shago mai ƙofar kwano, kusa da masu gyaran babura. Duk layin babu wanda bai san karin gugarsa ba. In ya fitar wa wando kari, sai ka yi kwana uku kana zama kana tashi, karin na nan daram. Mutum ne mai ji da kansa a kan sana'arsa, kuma ba za a ga laifinsa ba, don ya iya. Ba ya tambayar mai kaya wane irin yadi ya kawo. Da ya murza shi tsakanin yatsu biyu ya san ruwan da zai sha da zafin da zai iya ɗauka.

Sai zamani ya juya masa baya. Manyan shagunan wanki masu injuna suka buɗe, yaran da ya yi wa gugar kayan makaranta suka girma suka sayi injin wanki suka ajiye a gida, bayansa kuma ya fara ƙin sunkuyo. Wata rana ya zauna tun safe har la'asar riga biyu kacal aka kawo, ɗaya ma wankakkiya ce fes, maƙwabcinsa ne ya kawo ta don dai ya tausaya masa. Wannan tausayin ya fi rashin cinikin yi masa ciwo. Ƙarshen watan ya rufe shagon, ya ɗauki dutsen gugarsa ya koma gida.

Yana da ɗan ƙanwa da dangi suke kira Manaja, don tun yana ɗan shekara shida yake tsara wa yayyensa inda kowa zai zauna. Da ya girma sunan ya bi shi, ya buɗe wurin yi wa motoci kwalliya. Ba irin wankin bokiti da soso ba ne. A wanke mota ciki da waje, a goge fenti da inji, a shafa man sheƙi, har mutum ya ga haƙoransa a jikin ƙofa. Rumfa ce mai cin mota uku, da dogayen fitilu a rufi da bango, yadda ko zane ɗaya ba zai ɓuya ba.

Manaja ya zo gida ya gaishe shi, ya ce yana neman wanda zai kula masa da tawul. Kawu ya yi dariya, ya ce yanzu duk wankin duniya ya ƙare sai na tsumman goge mota? A ransa ya san ƙanwarsa ce ta yi wa yaron magana. Da zai ƙi, amma matarsa ta sa baki. Ta ce wata uku ke nan yana zaune a tsakar gida yana gyara mata shanya, in bai tafi ba ita za ta nemi aikin.

Ranar farko Manaja ya kai shi wani ɗan ɗaki a bayan rumfar, mai injin wanki ɗaya, da bokitai huɗu, da igiyoyin shanya daga bango zuwa bango. Ya miƙa masa tawul guda ya ce sunansa maikurofaiba. Kawu ya murza, ya ji abin na kama busasshiyar fatar yatsunsa kamar yana da ƙananan hannuwa. Manaja ya ce zaren roba ne wanda ya fi gashi siranta, shi ya sa yake ɗauke ƙura ba ya jan ta a kan fenti. Sannan ya jero masa dokoki. Rawaya na jikin mota ne, shuɗi na gilashi, kore na kujeru, baƙi na taya, kuma ba sa haɗuwa a ruwa ɗaya. Ba a wanke su da ruwan zafi. Ba a zuba musu ruwan nan mai sa tufafi laushi da ƙamshi, don yana toshe zaren. Ba a haɗa su da kayan auduga, ba a shanya su a rana ko inda iska ke kawo yashi. Wanda ya faɗi ƙasa kuwa, ko sabo ne, ya gama taɓa fenti, sai dai ya koma taya.

Kawu ya saurara yana gyaɗa kai, yana mamakin ranar da ta zo yaron da ya goya yake koya masa wanki.

Amma aikin ya shiga ransa, tun ba ya so. Da an gama da tawul mai man sheƙi yake tsoma shi a bokiti kafin man ya daskare. Bayan wanki sai ya zauna bakin taga da tabarau, ya bi kowane ɗaya da yatsa yana tsince tsakuwa da ɗan ƙaiƙayin da ya maƙale. Ya yanke duk takardun da ake ɗinkawa a gefe, don su ma suna karce fenti. In sun bushe ya ninke su gida huɗu, ya jera a robobi masu murfi. Duk ma'aikacin da ya kuskura ya ce “tsumma” a gabansa, ranar sai ya ji tarihin wanki tun daga farko.

Wanda suka fi shiri da shi shi ne mai goge fenti, wani magidanci mai 'ya'ya huɗu da ake kira Shiru, don in ya yi magana goma a yini to ranar ya yi surutu. Shi ya nuna wa Kawu yadda ake gwada tawul: a goga shi a bayan tsohon faifan sidi, a ɗaga faifan a haske. In ya bar zane a faifai, zai bari a mota.

Abu ɗaya ne yake ci wa Kawu rai. Manaja mutum ne mai faɗa. In ya ga ɗigon ruwa a madubi sai duk rumfar ta ji muryarsa. Amma ranar da Kawu ya manta shuɗi ɗaya a cikin rawaya, cewa ya yi, “Ba komai, Kawu.” Ranar da ya makara, ba komai. Ranar da ya bar murfin roba a buɗe, ba komai. Wani zai ce ai daɗi ya samu. Shi kuwa duk “ba komai” ɗin nan ji yake kamar ana ce masa aikin nasa ma ba komai ba ne, an dai ajiye shi ne don ƙanwarsa ta samu kwanciyar hankali. Wannan tunanin yana bin sa har gida.

Ana nan aka shiga wani mako na ruwa. Kwana huɗu sama ba ta buɗe ba, ɗakin shanya ya yi sanyi, tawul suka ƙi bushewa. Ga shi an kawo wata baƙar mota ta wata likita, mota mai tsada, Shiru ya yi kwana biyu yana goge fentinta, saura shafa man ƙarshe da safe. Manaja ya leƙo ɗakin da yamma, ya taɓa rawayen da ke kan igiya, ya ji danshi. Ya buɗe baki, ya dubi kawunsa, ya rufe. Ya ce za a san yadda za a yi.

Kawu ya ce a ransa yau zai nuna wa yaron nan amfanin tsohon hannu. Ya zuba rawaya goma sha biyu a leda mai tsabta ya tafi da su gida. Duk mai wankin da ya san sana'arsa ya san maganin kaya mai danshi in mai shi na jira. Da sassafe ya shimfiɗa farin zane a tebur, ya jona dutsen guga, ya rage zafin daidai yadda yake wa yadin roba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Suka bushe, suka kwanta lif, gefe ya haɗu da gefe. Matarsa ta leƙo ta tambaya ko motar ce za ta sa su ta je biki. Bai kula ta ba. Rabon da ya ji daɗin hannunsa haka tun yana shago. Kafin kowa ya iso wurin aiki ya mayar da su robarsu.

A cikin dokokin Manaja babu maganar guga. Bai taɓa zuwa masa a rai ba cewa akwai mahalukin da zai yi wa tawul ɗin mota guga.

Da hantsi Shiru ya gama shafa man, ya goge, aka kunna fitilun bango. Sai ga zane-zane sirara sun zagaye murfin gaba da ƙofofi biyu kamar saƙar gizo-gizo. Manaja ya hau faɗa. Ya ce Shiru ya yar da tawul a ƙasa ya ɗauka ya ci gaba, ya ce aikin kwana biyu ya tashi a banza, ga mai mota za ta zo da azahar, da wane ido zai kalle ta. Shiru ya ce bai yar ba, sau ɗaya, bai ƙara ba. Manaja ya ce ya gyara ɓarnar da ya yi, in ya gama ya nemi wani wurin.

Kawu yana ɗakinsa yana jin komai. Aka kawo masa rawayen da aka yi aiki da su, ya jefa su a bokiti, sai ya ga sun tsaya a saman ruwa, ruwan na gangarewa a jikinsu. Ya ɗauko ɗaya daga cikin gogaggun da ba a taɓa ba ya murza. Bai kama yatsansa ba, santsi yake yi, da ɗan tauri a ƙarƙashi. Ya jawo faifan sidi ya goga, ya ɗaga a taga, ga zane nan reras. Ya ɗauko wani mai danshi daga kan igiya ya goga a wani faifan, ko alama babu. Zafin dutsen ya narkar da bakin zaren, kowane sili ya zama ɗan ƙaya.

Ya zauna a kan bokiti. Babu wanda ya san ya kai su gida. In ya zuba sha biyun nan cikin na taya, magana ta mutu. Ya daɗe a zaune, kuma gaskiya ita ce ya yi tunanin yin hakan, don kunyar ba ƙarama ba ce: mutumin da ya shekara talatin da huɗu bai ƙona ko hankici ba. Amma ta ƙofa yana hango Shiru ya durƙusa yana haɗa injinsa zai gyara ɓarnar da ba tasa ba.

Ya tashi da faifan biyu a hannu, ya sami Manaja a tsakiyar rumfa, a gaban kowa.

“Ba laifin Shiru ba ne. Ni na yi musu guga.”

Manaja ya dube shi kamar bai ji da kyau ba. Kawu ya miƙa masa faifan, ya faɗi yadda aka yi tun daga leda har tebur. Wani daga cikin masu wanki ya juya baya yana danne dariya. Manaja ya shafa kansa, ya sauke numfashi, ya sassauta murya.

“To, ba komai, Kawu. Ai ba ku sani ba.”

Nan ran Kawu ya ɓaci, ɓacin da bai yi ba ko ranar da ya rufe shago.

“Ɗazu da kake zaton shi ne, har titi ana jin ka, har ka kore shi. Yanzu da ya zama ni, ba komai? Motar ta warke ke nan? In aiki nake yi a nan, ka yi mini abin da kake wa mai aiki. In kuma ajiye ni ka yi, ka faɗa mini, ina da kujera a gida.”

Manaja ya rasa inda zai sa idonsa, don bai taɓa ɗaga wa kawunsa murya ba, kuma bai san ta inda ake farawa ba. Ya fara zuwa wurin Shiru ya ba shi haƙuri, ya ce ya ajiye maganar tafiya. Ya kira likitar ya roƙi kwana biyu. Sannan ya dawo ya tsaya a gaban Kawu, yana kallon ƙasa. Ya ce daga yau tawul ko ɗaya ba zai sake fita daga wurin nan ba. Ya ce duk abin da ba a faɗa ba a tambaya kafin a yi. Da ya ga sama ba ta faɗo ba sai muryarsa ta ɗan tashi. Ya ce sha biyun nan sababbi ne, an lalata su a banza, kuma Kawu ne zai riƙe wa Shiru fitila har a fitar da zanen nan, ko bayansa na ciwo ko ba ya yi.

Kawu ya ce, “To.”

Kwana biyu ya yi a tsaye da fitilar hannu, yana haska inda Shiru ya nuna, yana miƙa masa tawul ɗin da ya gwada a faifai da kansa. Bayansa ya yi tsami har sai da ya riƙa dafa bango. Shiru bai taɓa tayar da maganar ba. Da suka gama ƙofar ƙarshe dai ya ce, “Sannu, Baba,” ya jawo masa kujera.

Da yamma Kawu ya koma gida yana tafiya a karkace. Matarsa ta gan shi ta tsorata, ta tambaya me ya same shi, ta ce in aikin nan zai kashe shi gara ya bari, ita za ta je ta sami yaron da kanta. Kawu ya zauna a hankali yana cije leɓe, ya miƙe ƙafafu.

“Kar ki je ko'ina,” ya ce. “Faɗa ya yi mini. A gaban kowa.”

Ta tsaya tana kallonsa, don ta ga murmushi yake yi. Ya ce ta tashe shi da wuri, akwai shuɗi ashirin da ya jiƙa, in ya makara yaron nan ba zai raga masa ba.