Gizlan, Ladan Ya Tambaya Na Yi Shiru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, Allah Ya karɓi ran yayata Gizlan a nan birnin Tanja, bayan doguwar jinyar ƙoda.

Yaya, sunan namiji aka raɗa miki, ke kuwa kika ce kin san kanki mace ce, kika zaɓi naki sunan, kika sha zagi da jifa a kansa. Duk da haka ba ki taɓa rufe wa kowa shagonki na tsofaffin littattafai ba. Ɗalibin da ba shi da ko dirhami sai ki miƙa masa littafi da shayin na'ana'a, ki ce, "Je ka karanta, ka dawo ka ƙaryata ni. In ka yarda da duk abin da na faɗa, kada ka sake tako min shago." Har masu tsine miki a wajenki suke saye, kina yi musu ragi.

Abu ɗaya kika roƙe ni a gadon asibiti. Kin san ladanmu kan sanar bayan salla, jana'izar namiji ce ko ta mace. Kika ce, "Lahsan, sarkin surutu, ranar nan kada bakinka ya mutu." Na ce haba Yaya, ko a gaban wa.

Da aka ajiye makara, ladan ya matso ya ce, "Namiji ko mace?" Ni ya kalla. Wallahi ni ya kalla. Na dubi sahu, ga surukina, ga abokan kasuwa, sai na sunkuyar da kai. Babban wanmu Abdulhak ya ce, "Namiji." Aka sanar, na yi kabbara tare da kowa. A maƙabarta ma ba a tare miki kabari da mayafi yadda ake yi wa mata ba.

Na koma gida na tarar da Inna, wadda ta daɗe ƙwarai kafin bakinta ya iya ce miki 'yata. Ta riƙe hannuna ta ce, "Sun suturta min 'yata kamar kowace mace?" Na ce, "Sun suturta ta, Inna." Ta yi hamdala, ta sa min albarka. Da ma marina ta yi.

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Shi da Ya san ki tun ba a raɗa miki kowane suna ba. Ya yalwata kabarinki, Ya ba Inna da dangi da ɗalibanki haƙurin rashi. Ni kuwa ki yafe mini, in ana yafiya daga can.