Angon da Ya Bi Bayan Doki

Shekarar da zan yi aure dokina ya yi gyambo a baya. Sirdin aro ne ya ci shi, ranar da aka tura mu rakiyar kumandan, mai mulkin yankinmu, daga Dungas zuwa Magariya. An sa biki bayan girbi, kuma a wajenmu amarya a kan dokin ango take zuwa. Wanda ba shi da doki ya aro, ba laifi, amma ni da na riga na cika wa yarinyar baki, da wace fuska zan je aro?

Na ɗaure shi a turke, ina shafa masa magani, ina ɗura masa gero da kanwa. Gyambo ya fara kamewa, doki kuwa ya ajiye tumbi, ƙafafu suka kumbura, in ya ɗan zagaya turke sai haki. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Kawuna, tsohon soja da ya yi aikin barga wajen Faransawa, ya zo ya dube shi ya yi tsaki.

"Kai yaro, wannan doki ne ko san kiwo? Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Je ka samo igiyar guga biyu."

"Kawu, ba ya hawuwa fa."

"Wa ya ce ka hau? Ƙafafunka na ado ne?"

Ya ɗaura igiyoyin a linzami, ɗaya dama ɗaya hagu, ya miƙo mini bakinsu, ya tsayar da ni can baya inda shuri ba ya kaiwa. Haka muka riƙa fita kullum da safe, doki gaba ni baya, mu hau tudun rairayi mu gangaro, mu zaga gawo, yana sassarfa ina gudu. Mutanen gari suka samu abin dariya. Mata a bakin rijiya su yi ta shewa, tsofaffi su tambaye ni ko dokin ne ya saye ni. Na toshe kunne. Kafin a gama yankan gero tumbi ya zube, cinyoyi suka yi tauri, numfashi ya dawo, baya ya warke sumul tunda sirdi bai taɓa shi ba. Ko ban ja igiya ba, muryata kaɗai ta isa ya juya. Ni ma na rame, amma wannan ba wanda ya yaba.

Ranar ɗaukar amarya aka tafi da doki ƙauyensu, hayin fadama, ni kuma na ɓuya a ɗakin abokina yadda kowane ango yake yi. Can sai ga abokin ya faɗo a guje.

"Taso, dokinka ya ƙi tafiya! An ɗora amarya, an ja shi ta gaba, an lallashe shi, ya kafe. Sai waiwaye yake."

"Ango ya fita yau? Da wane ido?"

"To, ta kwana a kansa."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na rufe kai da bargo na bi shi. Ina isa bayan dokin na ce "mu je" ƙasa-ƙasa, sai ya ɗaga ƙafa. Guɗa ta tashi, dariya ta danne guɗar. Haka na tako har gida, amarya a sama, ni a ƙasa.

Kafaɗunta sai rawa suke a ƙarƙashin lulluɓi, gwaggonninta suna ta cewa, "Yi haƙuri 'yata, bar kuka, kowace mace da haka ta bar gida." Ni da nake daf da ita ina jinta sarai, dariya take har da shaƙewa.