Takardar da Aka Kulle da Kayan Gado

Laraba ƙawata ce tun muna 'yan firamare a unguwar Kusugu. In aka ce in faɗi halinta da kalma ɗaya, zan ce kunya. Ba irin kunyar da ake yabo ba, irin wadda ke sa ka ji kamar ka kama mutum ka girgiza shi. Muna aji huɗu ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa, ta yi kwana tara tana ɗingishi tana cewa takalmi ne ya matse ta, wai don kada ta tayar wa innarta hankali. Sai da ƙafar ta kumbura ta ɗuri ruwa aka kira wanzami. Ni kuwa Rabi, duk Daura an san bakina ba shi da linzami. Har yau mutane na mamakin abin da ya haɗa mu.

Ta koyi ɗinki, ta auri Sha'aban, ɗan gidan masu fataucin dabbobi, wanda shi kaɗai a gidansu ya yi boko mai zurfi. Karatu ya kai shi Turai, aiki ya riƙe shi, bayan shekara biyu ya aiko aka kai masa matarsa. Sunan garin ban taɓa iya faɗarsa daidai ba, mu dai Turai muke cewa. A can ta haifi 'yarta tilo, Zulfa, ta kuma sami aiki a ɗakin wanki da guga na wani gidan kula da tsofaffi. Shekara goma sha bakwai ta yi. Hukumar ƙasar ta ba su izinin zama na dindindin, sai dai katin da ke shaida hakan yana da wa'adi, ana sabunta shi bayan 'yan shekaru.

Sha'aban mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, amma yana da halin nan na mazanmu, wato takarda harkar maigida ce. Fasfo, kati, takardar haihuwa, takardun asibiti, duk suna cikin wata baƙar jakar fata da ba ya rabuwa da ita. Laraba ta iya karatu sarai, ta fi ni ma. Amma shekara goma sha bakwai aikinta shi ne ta sa hannu inda ya ɗora yatsa.

Bara katinta ya ƙare. Suka cika takardun sabuntawa, aka ce su jira, sabon zai fito. Ana cikin jiran ne ciwon hanta ya kwantar da Sha'aban. Likitoci sun faɗa masa abin da bai faɗa mata ba, sai kawai ya tashi ya ce yana marmarin ganin gida. Ya je ofishin da ke kula da baƙi ya karɓo mata takardar wucin gadi, wadda mai jiran sabon kati zai iya fita da ita ya dawo. Sharaɗinta ɗaya ne, a dawo kafin wa'adinta ya cika. In ya cika mutum yana waje, babu jirgin da zai ɗauke shi. Ya ce mata, "Wata uku ce, mu kuma sati uku za mu yi." Ya ninke ta ya sa a jaka.

Zulfa ba su zo da ita ba. Shekararta goma sha huɗu, tana da sikila, kuma duk wata sai an canza mata jini a asibitin garin. Suka bar ta wurin wata maƙwabciyarsu 'yar Sudan, da sanin hukumar kula da yara, a kan za su dawo nan kusa.

Saura kwana biyu su koma, da hantsi, Sha'aban ya cika a gidan wansa Ɗantsoho.

Dole in yi wa Yaya Ɗantsoho adalci, ko da yake na daɗe ban so yin hakan ba. Ba mugu ba ne. Ya ga yadda gado ya tarwatsa gidaje a unguwar nan, ya kuma yi abin da babban wa ke yi. Ana dawowa daga maƙabarta ya tattara duk abin da ƙanensa ya zo da shi, agogo, takalma, waya, riguna, ya zuba a ɗakin da ya kwanta jinya. Ya datse ƙofar da kwaɗo a gaban shaidu, ya jefa makullin a aljihu.

"Ko allura ba mai taɓawa sai ranar rabo," in ji shi. "Akwai haƙƙin marainiya a ciki."

Baƙar jakar na cikin kayan. Laraba tana kallo aka shiga da ita.

Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Aka ba ta ɗaki a ƙuryar gida, ta cire 'yan kunne, ta bar kwalli da turare, ta ɗaura wani tsohon zane. Kullum ina wurinta. Na ga tana ramewa, na ce mutuwar miji ce. Na ga wasu layuka na gawayi a bayan ƙyaure, na ɗauka kwanakin takaba take ƙirgawa. Ashe kwanakin takardarta ne, tana lissafi tun daga ranar da suka hau jirgi.

Washegarin sadakar arba'in, ana ta kwashe tukwane a tsakar gida, ta riƙo bakin mayafina.

"Rabi, zan faɗa miki wata magana, amma don Allah kada ki ɗaga murya."

Ta faɗa mini komai. Ta ce saura mata wata ɗaya. Ta ce in ba ta koma ba, hukuma ba za ta bar yarinyar a hannun maƙwabciya har abada ba, za su kai ta gidan wasu da ba ta taɓa gani ba. Ba ta kiran sunan Zulfa, 'yar fari ce, sai dai ta ce "yarinyar".

Na ɗaga murya mana. "Kwana arba'in, Laraba! Kwana arba'in ina zaune a gabanki kina kallona! Bakinki ciwo yake?"

"Me za a ce da ni? Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba ina tambayar fasfo? Cewa za a yi dama can Turai nake so, ba shi ba."

"To a kawo yarinyar nan mana!"

"Ta zo ta mutu? Jininta daban ne, a can ma sai an nemo mata shi."

Na ja mayafi na tafi gidan Malam Abdulmuhaimin, wanda ya wanke gawar Sha'aban. Na roƙe shi ya zo da kansa. Ya zauna a soro, Laraba na daga bayan ƙofa, ya saurare ta har ta gama.

"Baiwar Allah, a ina kuke zaune da shi kafin rasuwarsa?"

"A can, Allah gafarta Malam."

"Nan ziyara kuka zo?"

"Ziyara muka zo."

"To ai gidan takabarki yana can. Mace a gidan aurenta take takaba. In mutuwa ta same su a kan tafiya, gida take komawa ta ƙarasa. Ga kuma lalurar yarinya. Wa ya ce miki dole a nan za ki zauna?"

Babu wanda ya ce mata. Babu kuma wanda ta tambaya. Malam ya girgiza kai ya ce da ta buɗe baki tun ranar uku, da shi da kansa zai raka ta tasha. Na ji kukanta ta bayan ƙofa, wani siririn kuka mai ban tausayi.

Muka nemi Yaya Ɗantsoho, matarsa Zinariya ta ce ai tun da sassafe ya ƙetare Kongolam, ya shiga cikin Nijar sayen shanu, makullin na aljihunsa. Muka kira wayarsa, ba ta shiga. Na ce a fasa kwaɗon. Zinariya ta dafe ƙirji ta ce ba a gidanta ba, kayan gado wuta ne. Laraba ta durƙusa ta kama ƙafata.

"Ki rufa mini asiri, Rabi. Akwai sauran wata guda. Kada a ce matar mamaci ta fasa ɗakin gado. Mu jira shi."

Na yarda. A duk rayuwata ranar ce kaɗai na yi kawaici inda ya kamata in yi rashin kunya, kuma har in mutu ba zan yafe wa kaina ba.

Muka ba direbobin Kongolam saƙo. Wannan ya ce ya gan shi a wata kasuwa, wancan ya ce ya yi gaba. Kwana uku, kwana bakwai, kwana goma. Laraba ta daina cin abinci, sai ruwan koko. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai ta zabura ta miƙe. 'Yar Sudan ɗin nan tana kira kusan kullum, tana cewa ma'aikatan kula da yara sun sake zuwa, suna son a ba su rana takamaimai. Laraba takan ce, "Nan kusa, in Allah Ya yarda," ta ajiye wayar.

Rana ta goma sha uku aka kira aka ce ciwon Zulfa ya tashi, tana gadon asibiti tana kiran uwarta. Ban shawarci kowa ba. Na shiga maƙwabta na aro guduma, na aika aka kira Malam da mutum biyu su zama shaida. Zinariya na salati, ni ina dukan kwaɗo. A bugu na huɗu ya faɗi. Ban taɓa komai ba sai jakar, na miƙa wa Malam, shi ya zuge ta ya ciro fasfon Laraba da takarda ɗaya a ninke.

Karo na farko ke nan da ta riƙe takardar a hannunta. Ta buɗe, ta bi layukan da yatsa, yatsan ya tsaya a wuri ɗaya. Ta daɗe a haka. Sai ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Ya wuce," ta ce. "Kwana biyar da suka wuce."

Wata ukun ba daga ranar tafiya ake ƙirga su ba. Daga ranar da aka ba da takardar ne, kuma Sha'aban ya karɓo ta sati uku kafin su taso. Ranar da na fara cewa a fasa kwaɗon, akwai sauran kwana takwas cif.

Duk da haka ban haƙura ba. Washegari na sa ta a mota muka bi ta Kazaure muka shiga Kano, da zanen takabarta da komai. Matar da ke ofishin jirgin ta duba takardar, ta dubi Laraba, ta ce ta yi haƙuri, ko ita ta bar ta ta hau, a can za a juyo da ita. Na roƙa, na yi faɗa, na ba da labarin Zulfa tun daga haihuwa. Matar har ƙwalla ta yi, amma ba abin da za ta iya. Muka wuce Abuja, ofishin jakadancin ƙasar. Aka karɓi bayaninta da mutunci, aka ba ta wasu takardun neman izinin komawa. Ta cika su da hannunta, ba wanda ya nuna mata inda za ta sa hannu. Muka tambayi yaushe. Aka ce za a neme ta.

Da muka dawo Daura mun tarar Yaya Ɗantsoho ya iso. Na shirya masa maganganu tun daga Zariya, amma da na gan shi na kasa. Dattijo ne zaune a kan tabarma, hawaye na bin gemunsa. Bai ko ambaci kwaɗon ba.

"Laraba, me ya sa ba ki faɗa mini ba? Fasfonki ai ba gado ba ne. Wallahi da a ranar zan buɗe miki."

Ta sunkuyar da kai. Da ya yi mana masifa da ya fi mini sauƙi, da na sami wanda zan tsana.

Ta gama takaba, ta koma gidan innarta. Na kai mata tsohon kekena na ɗinki don ta rage tunani, amma yawanci sai in tarar ta ɗora ƙafa a kai ba ta taka ba, wayarta na kan cinya. Duk safiya tana duba ko saƙo ya zo daga Abuja. An sallami Zulfa daga asibiti, ta koma wurin 'yar Sudan, hukuma ta ƙara musu wata ɗaya, sannan ta ƙara wani. Daga nan ba ta ƙara ba.

Ina wurin ranar, bayan la'asar, muna tsince shinkafa. Wayar ta yi ƙara, Laraba ta buɗe muryar don in ji. Zulfa ce, da Hausarta irin ta 'ya'yan Turai, tana jan kalmomi a hankali.

"Umma, mutanen hukuma sun zo. Matar ta ce gidan da za a kai ni suna da kirki. Akwai kare, amma ba ya shiga ɗaki."

"To," in ji Laraba. "To. Ki riƙa shan maganinki. Ki riƙa sa rigar sanyi."

"Sun kawo ni gidanmu in ɗauki kaya. Sun ce jaka ɗaya kawai." Muna jin takunta a cikin gidan da babu kowa. "Na shiga ɗakinki. Umma, wanne zan ɗauka a cikin mayafanki? Ina son wanda har yanzu yake ƙamshinki."

Laraba ta miƙo mini wayar da hannu biyu. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na riƙe ta a kunne ina jin yarinyar tana cewa, "Umma? Umma, suna jira a mota."