Kawu Direba da Miyar Cikin Littafi

Kawuna direban motar ma'aikata ne. Ya yi shekaru yana kwasar mutane da safe yana mayar da su da yamma, kuma har ya bar aiki bai san inda gwangwanin gishiri yake zama a gidansa ba. Matarsa, da kowa ke kira Malama don ta koyar a firamare, ita ce mai girki, ita ce kuma mai karatu. Ba ta da littattafan da ta fi so kamar na labarin masu dafa abinci. Kawu yakan tsokane ta: "Ke kam, ki girka a tukunya, ki dawo ki girka a takarda."

Sai hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki na dama. Ta dawo daga asibiti magana na fita da ƙyar, hannu ba ya ɗaguwa, abinci kuwa ta juya masa baya. Kullum yayarta sai ta aiko da kular abinci, kular ta koma yadda ta zo. Likita ya ce magani ba zai yi aiki ba in ciki babu komai.

Wata rana da hantsi ta nuna wa Kawu kantar littattafai da ido. Ya ciro wanda bangonsa ya fi tsufa, labarin wata mata mai gidan abinci a bakin tashar jirgin ruwa. Karatunsa a hankali yake, da yatsa a ƙarƙashin layi, amma ya ci gaba. Da ya kai inda matar ke haɗa miyar kifi, albasa na soyuwa har ta yi launin zuma, sai ya ga maƙogwaron Malama ya motsa.

"Malama, za ki sha irin wannan?"

Ta gyaɗa kai. Ya ɗauki hularsa ya nufi kasuwa.

Littafin labari ba ya ba da awo. Bai faɗi yawan ruwa ba, bai ce a rage wuta ba. Albasar ta wuce launin zuma ta koma gawayi, kifin ya dagargaje. Kicin na cike da hayaƙi yayar Malama ta shigo.

"Direba, so kake ka ƙarasa mini ƙanwa? Ba ni ludayin nan."

"Yaya, na san naki ya fi nawa daɗi," in ji Kawu, yana goge hawayen albasa da bayan hannu. "Amma naki ba ta ci. Bar ni in gwada."

Ya kai wa Malama. Ta kurɓi cokali ɗaya, ta yamutsa fuska, ta ce, "Gishiri." Tun da ta kwanta ba ta faɗi kalma sarai haka ba.

"Ya yi yawa ne, ko bai ji ba?"

Ta yi dariya da karkataccen bakinta har sai da ya riƙe mata kafaɗa.

Daga ranar bai sake barin murhu ba. Ya jawo kujerarta zuwa ƙofar kicin, ya sa mata cokali a hannun hagu. In wuta ta yi yawa ta ƙwanƙwasa hannun kujera, in ya nufi gishiri ta harare shi. Ya ƙone a yatsa, ya fasa kwano, ya zubar da tukunya fiye da yadda yake son a faɗa. Mai kifi ta tausaya masa, ta koya masa ɗaga kunnen kifi ya duba ja kafin ya saya. Tsofaffin abokan aikinsa suka riƙa cewa yana warin albasa.

"Tuƙin ma ba rana ɗaya na iya ba," yake ce musu. "Kun manta katangar gareji da na rusa?"

Ranar da Malama ta shanye kwano tas ta miƙo a ƙara, Kawu ya karɓi kwanon. Ya zuba mata, ya fita tsakar gida ya tsaya jim, sannan ya dawo ya wanke tukunya.

Hannunta bai dawo ba har yanzu, amma ta yi ƙiba, tana takawa da sanda, magana ma ta kusa saki. Da yamma yana karanta mata, duk inda aka ambaci abinci su tsaya su yi gardama ko zai yiwu. Da matar maƙwabcinsu ta haihu, Kawu ne ya aika da kula. Maƙwabcin ya zo godiya wurin Malama, ta nuna masa kicin da sanda.

"Shiga ciki," ta ce. "Mai girkin yana can yana ƙona mini shinkafa."