Ranar da Na Zama Gawa a Aji

Ban daɗe a firamare ba, ɗan zaman da na yi ma rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. Sai da gemuna ya yi fari tas, a Birmingham, aka sake shigar da ni aji, shi ma a matsayin gawa.

'Yata ta fari likita ce a sashen gaggawa. Ita ta ɗauko ni daga Kano bayan rasuwar mahaifiyarta, ta ajiye ni a ɗakin ƙasa na gidanta a unguwar Erdington, inda aikina ya zama kallon bas ta taga da cinye biskit ɗin jikoki. Da yake 'yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake cewa, ko "uwar yaran nan". Haka na taso na ga ana yi: ɗan fari ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka yaba masa, in ya faɗi ma wani ne zai ɗaga shi. Na riƙe kunyar nan da kyau, na fi kowa iyawa. Ita kuwa ta girma ta zama mai ƙarancin magana. Ta auna jinina, ta ce, "Baba, ka sha magani?" ta wuce. Sai abin ya fara cina: ni ubanta ne a gidan nan, ko majinyacin da aka manta ba a sallama ba? Ba ni da bakin tambaya, tunda ni na fara.

Wata rana na ji tana gaya wa mijinta za a yi atisaye a wata makaranta lokacin hutu. 'Yan sanda da masu motar asibiti da likitoci za su gwada abin da za su yi idan, Allah ya kiyaye, ɗan bindiga ya shiga makaranta. Ana neman masu yin kamar an harbe su. Na ce a sa ni. Ta ce a'a. Na ce ai kwanciya ce kawai, kuma duk Birmingham babu wanda ya kai ni iya kwanciya. Mijin ya yi dariya har ya ƙware, dole ta yarda.

A makarantar wata mata ta shafa mini jan fenti a ƙirji, aka ce in zaɓa, ko mai rauni mai ihu, ko wanda ya cika. Na ce wanda ya cika, don Turancina bai kai na ihu ba. Abin da ban faɗa ba shi ne, so nake in ji abin da 'yata za ta yi in ta iske ni a yashe.

Akwai wata mai ɗaukar hoto, doguwa mai furfura, kyamara a wuya, takalminta ba ya ƙara ko kaɗan. An ce aikinta ke nan, tana bin irin wannan atisaye tana ɗauka. Ta ɗaga mini gira, na ɗaga mata kai, mun gama yarjejeniya.

Na cire takalmina, don ban iya kwanciya da takalmi ba, na kishingiɗa a gefen dama, na fuskanci inda nake zaton alƙibla ce. Ko mutuwar wasa ce, gara a yi ta bisa tsari.

Ajin na ƙananan yara ne. An rataye kifayen takarda a silin, suna juyawa a hankali kamar ɗakin cike yake da ruwa. Kujerun ba su wuce gwiwata ba. Da aka fara ƙarar harbin ƙarya daga can ƙarshen baranda, na tuna a irin kujerun nan jikokina ke zama, wasan ya fita daga raina. Na runtse ido na yi musu addu'a, su da 'ya'yan kowa.

Daga nan abubuwa suka yi nisa. Jiniya ta koma kamar daga ƙasan kogi take tasowa. Yayyafi na taɓa gilashi. Ban sani ba ko barci ne, sai ga ni a ƙofar gidanmu na da, da hantsi, yayyen mahaifina na zaune kan tabarma. Wata 'yar ƙanƙanuwar yarinya mai koyon tafiya ta fito daga soro, ta hango ni, ta miƙo hannu, ta faɗi. Na ji kukanta, na kau da kai, na wuce kamar ban san 'yar wa ce ba. Kifayen takarda suna iyo a kan tabarmar dattawan, ba wanda ya kula.

Muryar 'yata ce ta dawo da ni, da Turanci, tana ba da umarni, murya mai ƙarfi da ban taɓa sanin tana da ita ba. Yatsu masu sanyi suka taɓa wuyana. Aka ɗaura mini wani abu a hannu, alamar wanda ba shi da sauran magani. Na jira in ji ko da salati ne. Wata 'yar iska ta shafi ƙafata, takun ya yi gaba.

A mota na ce mata ko kaza ce ta mutu ai a ce wayyo. Ta ce haka aikin yake, mai numfashi ake fara bi. Na ci tuwona a daren nan cikin fushi, har da ƙari, amma cikin fushi.

Da sanyi ya shigo aka baje hotunan a wani zaure a Manchester, muka hau jirgin ƙasa ni da ita. Hotunan ba kala, manya-manya. Wani ɗan sanda ya jingina da bangon da yara suka zana rana. Wata ma'aikaciyar jinya tana kallon tafin hannunta. Muna tafiya a hankali har muka zo kaina.

Ga ni nan, baki a buɗe, kowa ya gani ya san gawar nan minshari take yi. 'Yata kuma ta riga ta miƙe, fuskarta na kallon wani mai rauni a gaba. Amma hannunta na hagu ya tsaya a baya, ya kama gefen rigata, yana ja zai rufe mini ƙafa. Ashe iskar ke nan. Babban yatsana kuwa ya leƙo ta hujin safa, yana kallon jama'ar Manchester.

Na daɗe a tsaye. Sunanta ya zo mini har kan harshe, na ji nauyinsa, kamar kayan da aka daɗe da ajiyewa a ƙasan adaka.

"Ke," na ce, "ashe safar nan ta huje."

"Na gani, Baba," ta ce, idonta a kan hoton. "Shi ya sa na rufe. Ba na so a ga babana haka."

A jirgin komawa barci ya kwashe ta, kanta ya gangaro kafaɗata. Taragon cike da mutane, har da wani dattijo mai hula irin tamu yana kallonmu. Ban matsa ba.