Shekarar da Fortunata Ta Hana Taka Dankali

Shekara goma sha ɗaya Doña Fortunata Huallpa tana saukar da ɗaliban Kanada a gidanta, can saman duwatsun Kusko. Duk watan Yuni Farfesa Tremblay ke kwaso su, wai su ga duniya da idonsu. Su iso suna haki, ita ce mai dafa musu ganyen koka har kai ya daina sara. Ta koya musu shanya dankali a sanyi ya daskare, a tattake shi ba takalmi har ruwansa ya fita, ya zama chuño, busasshen dankali mai yin shekaru bai lalace ba. Su rubuta, su ɗauki hoto, su sha kuka ranar tafiya. Sai kuma baɗi.

Jikarta Nélida kuwa, mai karatun noma a birni, ko Lima, babban birnin ƙasarsu, ba ta taɓa gani ba.

A zuwa na sha biyu, dankali na shimfiɗe, sanyi ya gama nasa aikin. Fortunata ta zauna bakin fili ta naɗe hannu.

"Mamita, lafiya? Yara sun cire takalma," in ji Farfesa.

"Su mayar. Duk karatun nan naka ba ka ci karo da ayni ba? Na taya ka aiki yau, ka taya ni gobe. Naku sun zo sun ƙoshi. Namu sau nawa suka je ƙasarku?"

"Ai ba a hannuna abin yake ba, akwai kwamitin jami'a."

"To kwamitin ya zo ya koya musu."

"Dankalin zai ruɓe fa, Mamita."

"Kai ka shuka?"

Abincin shekararta ne kwance a filin nan, ta sani sarai. Maƙwabta ma ta riga ta bi su gida-gida ta ja musu kunne, babu wanda ya yarda ya koya wa baƙin. Kwana uku, gefe guda ya fara wari. Ta toshe hanci, ba ta motsa ba.

Rana ta huɗu Farfesa ya hau tudun da waya ke kamawa, ya sauko da saƙo: kwamiti ya amince Nélida za ta je Kanada karatu na zango guda. Fortunata ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya ba, don haka ta sa jikar, da ta zo hutu, ta karanta mata sau biyu. Sannan ta miƙe.

"Yara, ku hau abin da ya rage. Kai ma Farfesa cire takalminka. Ka daɗe kana nuni da yatsa."